Kafin in sa hannu: binciken wani tsohon jirgin ruwa mai filafilai

6 ga Maris

Jirgin na faiba ne, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam ɗin rezin, tsawonsa ƙafa 32, an ƙera shi a 1979. Jigo ɗaya gare shi, wato dogon sandan da ake ɗaga filafilai a jikinsa iska ta buga su ta tura jirgi, da ƙaramin injin dizal, da wurin kwanan mutum biyar idan an matsu. Don doguwar tafiya a teku aka yi shi, shi ya sa yake da nauyi da ɗan ƙunci a ciki idan aka gwada shi da jiragen yanzu. Yau na fara ganinsa ido da ido, yana ɗaure a matsayarsa. Zan riƙa rubuta abin da na gani da ranar da na gan shi, domin idan jirgi ya shiga ran mutum, aibin da ya gani jiya yakan ƙanƙance masa yau.

Dillali ya fi zaƙewa a kan sabon fenti, sabbin katifu da na'urar taswira mai babban allo. Duk suna da kyau, amma ba su na zo gani ba. Abin da nake son sani shi ne shekarun kowane sashe shi kaɗai. Gangar jikin ce ta 1979. Wayoyin da ke riƙe da jigo, bawul-bawul na ƙarƙashin ruwa, tiyo, injin, filafilai, kowanne da ranar da aka ɗaura shi da ranar da zai gaji. Ita faiba tana da tsawon rai: jiragen Pearson Triton da Carl Alberg ya zana, waɗanda aka fara fitarwa a 1959, har yau akwai masu yawo a teku. Abubuwan da aka huda ta aka ɗaura mata su ne ke mutuwa tun tana da ƙarfinta.

Na duba lambar jirgin a bangon baya, gefen dama. Tun ƙarshen 1972 dokar Amurka ta wajabta buga lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a wurin, ga jirgin da aka ƙera ko aka shigar ƙasar don sayarwa, kuma huɗun ƙarshe suna nuna lokacin ƙira. Ta dace da abin da ke cikin takarda.

Da na ɗaga katakon daɓen ciki, na tarar da ruwa kwance a kwarin jirgin, zurfinsa kamar gaɓar yatsa biyu. Na tsoma yatsa na ɗanɗana, babu gishiri. Ko dai tankin ruwan sha ne ke yoyo, ko ruwan sama ne ke sauka daga doron jirgin, wato rufinsa na sama da ake takawa. Dillali ya ce ai wannan albishir ne, tunda ba teku ce ke shigowa ba. Ni rabin albishir na ɗauke shi, domin ruwan da ya ratso doro sai da ya bi ta cikin wani abu kafin ya iso nan.

9 ga Maris

Na zauna da mai jirgin. Dattijo ne, ƙafa ce ta fara ba shi wahala shi ya sa zai sayar, kuma ya zo da jakar rasiɗai cike fal. Wannan jaka ta fi mini sabon fentin daraja. A cikinta na ga an sauya injin a 1998, wayoyin jigo a 2008, babban filafili a 2015, an kuma canza wasu bawul-bawul a 2016. Filafilin gaba ba shi da takarda. Maɗauran wayoyi, wato faifan ƙarfen da ke ratsa doro su kama gangar jirgi, waɗanda wayoyin jigo ke ɗaure a kansu, babu wata takarda da ta ambace su. Na ɗauka na asali ne.

Na ce, "Baba, jirgin nan ya taɓa cin karo da ƙasa?"

Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Sau ɗaya, ɗana. Yashi ne, muna tafiya a hankali, ruwa ya ƙaru muka tashi." Na ji daɗin wannan amsa. Jirgin da ya haura shekara 40 a ruwa aka ce bai taɓa taɓa ƙasa ba, da wuya in yarda.

14 ga Maris

Wunin yau a kan doro na yi shi, a durƙushe, da ƙaramar guduma mai kan roba da alli.

Doron yawancin jiragen wancan zamani hawa uku ne: faiba sama, faiba ƙasa, a tsakiya itacen balsa mai kaurin kusan rabin inci. Haɗin yana ba da ƙarfi ba tare da nauyi ba, muddin itacen a bushe yake. Matsalar ita ce duk abin da ke kan doro da ƙusa aka ɗaura shi: sandunan shinge, winci, maɗaurin igiya, ƙofofi. Kowace ƙusa rami ce, kuma gam ɗin da aka toshe ramin da shi yana bushewa ya tsage da shekaru. Ruwa ya samu hanya ya shiga balsa, itacen ya ruɓe, hawa biyun faiba su rabu da juna, daga waje kuwa fenti yana ta sheƙi.

Inda doro ke da lafiya, guduma tana tashi da ƙara mai kaifi, ƙwal ƙwal. Inda ya rabu, ƙarar takan mutu, kamar ka ƙwanƙwasa ƙwarya mai tsaga. Na bi shi taki-taki daga goshi zuwa baya, ina zagaye duk inda ƙarar ta mutu da alli. Galibin doron lafiya lau. Akwai wuri mai faɗin tafin hannu a gindin wata sandar shinge a dama. Wanda ya fi damuna yana hagu, kewaye da maɗaurin babbar wayar gefe, ya kai faɗin kamu biyu, kuma da na taka da diddige na ji ya ɗan lotsa.

Jigon a kan doro yake zaune, da ginshiƙi a ƙarƙashinsa cikin ɗaki wanda ke kai nauyin har ƙasa. Na shimfiɗa miƙaƙƙen katako a gindin jigon, doron bai lanƙwasa ba. Ƙofar banɗaki da ke kusa da ginshiƙin tana rufuwa ba tare da cijewa ba, alamar babu abin da ya zauna. Na soka bakin sukudireba a gindin ginshiƙin cikin kwari, itacen gagau yake.

Daga nan na shiga ciki na kwashe kayan kabad ɗin hagu. Maɗaurin yana ɗaure da noti a jikin bangon katako da ya raba ɗakunan jirgin. Daga inda ya ratso doro, wani jan layin tsatsa ya gangaro har ƙasa, katakon da ke kewaye da notin sama ya yi baƙi, kuma bakin sukudireba ya nutse cikinsa ba tare da na danna da ƙarfi ba. Wannan bango shi ne ke riƙe da jigon duk lokacin da iska ta bugo daga hagu.

17 ga Maris

An yi ruwa tun asuba, na je na zauna a ciki da tocila. Tagogi biyu suna ɗiga. Maɗaurin hagu yana zubar da ruwa a jikin bango kamar yadda na zata. Tankin ruwan sha a bushe yake ta waje. Yanzu na san inda ruwan kwari ke fitowa.

23 ga Maris

Na ɗauko mai gyaran jigo, aka ja shi da igiya har ƙololuwa. Wayoyin irin masu sili 19 ne da aka murɗe, kowace an matse bakinta cikin bututun ƙarfe sama da ƙasa. Na ƙasa su suka fi lalacewa, saboda ruwan gishiri yana gangarowa ta jikin waya ya kwanta a cikinsu, tsatsa ta kumbura ta tsaga bututun daga ciki. Ya nuna mini guda biyu da gilashin ƙara girma, da tsaga siririya kamar gashi a tsaye. A wayar baya kuma sili ɗaya ya tsinke daidai bakin bututun, har ya kama masa tsumma.

Kamfanonin inshora da yawa suna neman a sauya waɗannan wayoyi idan sun kai shekara 10, ko da babu abin da ido ya gani. Waɗannan sun haura 15. Babu abin yin gardama a kai, duka za a sauya. Jigon kansa na alminiyam ne, miƙe yake, sai ɗan farin gari inda ƙusoshin sitenles suka haɗu da shi.

Mun baza filafilai. Babban yana da sauran ƙwari. Na gaba kuwa da na karta ɗinkin gefensa da farce, zaren ya wargaje. Rana ta cinye shi.

30 ga Maris

Na ba da kafin alƙalami, kashi 10 cikin 100 kamar yadda aka saba, a hannun dillali. An rubuta a yarjejeniya cewa ciniki ya dogara ga sakamakon binciken safiyo, wato ƙwararren mai duba lafiyar jirgi, da gwaji a teku, idan ban gamsu ba a mayar mini da kuɗina. Kuɗin safiyo da na ɗaga jirgi daga ruwa ni zan biya. Dillali ya ce akwai safiyon da suka saba aiki tare, na yi godiya na nemo nawa. Wanda zai gaya mini aibin jirgi bai kamata cin abincinsa ya rataya a kan faɗuwar cinikin ba. Na kuma nemi takardar da ke nuna babu bashin da ke kan jirgin.

8 ga Afrilu

An ɗaga jirgin yau. Tun yana rataye a cikin majanyu, safiyo ya shiga ƙarƙashinsa yana duba mahaɗar kil da ganga. Kil shi ne dogon nauyin nan da ke rataye a ƙarƙashin jirgi, wanda ke hana iska kifar da shi. Na wannan jirgi zubin baƙin ƙarfe ne, kusan tan 2, an ɗaure shi da manyan ƙusoshi masu noti da suka ɓullo cikin kwari. Ya sa aka sauke jirgin a hankali har kil ya ɗauki nauyi, aka sake ɗagawa, idonsa na kan mahaɗar ko za ta buɗe ta rufe. Ba ta motsa ba. Amma a gabanta akwai siririyar tsaga, kuma bayan sauran jikin ya bushe ita tana nan tana tsatsafo da jan ruwa.

Ya bayyana mini abin da karo ke yi. Idan ƙasan kil ya daki ƙasa jirgi na tafiya, gaban kil yakan fizgu ƙasa, bayansa ya soki ganga sama. Saboda haka a ciki, bayan ƙusa ta ƙarshe ake neman rauni. Mun kwanta da tocila muka bi haƙarƙarin da ke kwari ɗaya bayan ɗaya, faibar da ta liƙe su da ganga ba ta ɗaye ba, babu tsaga. Labarin yashin Baba ya tsaya da ƙafafunsa. Dalilin da ya sa ba a wasa da wurin nan sananne ne: a watan Mayun 2014 kil ɗin jirgin Cheeki Rafiki ya ɓalle a tsakiyar Tekun Atilantika yana kan hanyar komawa Ingila, jirgin ya kife, mutum huɗu suka rasu, kuma hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya ta yi nuni da karo da ƙasa da jirgin ya taɓa yi a baya. Shi jan ruwan da muka gani, yana iya zama tsatsar kil ɗin kansa, yana iya zama ta ƙusa. Daga waje ba a bambancewa.

Jikin gangar yana da bororo, da dama, kowanne kamar faɗin farce, sun fi fitowa idan aka haska tocila ta gefe. Safiyo ya sa tabarau ya fasa ɗaya da bakin wuƙa, wani ruwa mai launin ƙasa ya fito da warin tsami mai hawa kai. Ruwa ne ke ratsa fatar waje a hankali, ya haɗu da ragowar sinadaran rezin da ba su daskare ba, su narke su zama ruwa mai tsami, shi kuma ya riƙa janyo ƙarin ruwa har fatar ta kumbura. Waɗannan duk tsakanin fata da hawan farko na faiba suka tsaya. Ya ce, "Malam, wannan zai ci maka lokaci, amma ba zai nutsar da kai ba." Mitar auna danshi ta hau sosai, sai dai ya ce jirgin da aka fitar daga ruwa yanzu dole ta hau, abin da yake dubawa shi ne bambanci tsakanin wuri da wuri.

Allon tuƙi, wanda ke cikin ruwa a bayan jirgi yana juya shi, yana ɗigar ruwa ta ƙasa, alamar ya sha ruwa a ciki. Farfela lafiya, shaf ɗinta yana ɗan girgiza a cikin robar da ke riƙe da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali bawul-bawul ne. Duk inda aka huda ganga ƙarƙashin ruwa, don sanyaya injin, banɗaki ko magudanar wanke-wanke, akwai bawul. Na asali na 1979 tagulla ce ta jan ƙarfe da kuza, sun yi tauri wajen juyawa, amma da ya karce su sai ga launin zinariya tas. Na 2016 masu sheƙi, da ya karta gindinsu, sai ga launin hoda-hoda, ja-ja. Irin tagullar da aka haɗa da tutiya ce. Ruwan gishiri yana tsame tutiyar ya bar jan ƙarfe mai ramuka wanda bugu ɗaya zai karya. Ramin da ya kai inci ɗaya da rabi, rabin mita ƙarƙashin ruwa, yana shigo da fiye da lita 100 a minti guda, famfon hannu ba zai iya da shi ba. Sababbin su ne za a cire, tsofaffin giris kawai suke so.

10 ga Afrilu

An mayar da jirgin cikin ruwa jiya da yamma. Na yi sammako na riga kowa, na ɗora hannu a kan injin, sanyi ƙalau. Injin dizal da aka ɗumama kafin mai saye ya iso yana ɓoye rabin ciwonsa. Ya tashi ba jinkiri, ɗan farin hayaƙi ya fita ya washe, ruwan sanyaya yana fita ta salansa yadda ya kamata. A buɗaɗɗen ruwa muka ba shi wuta har ƙarshe na ɗan lokaci, ya kai kusa da juyin da aka rubuta masa, zafi bai hau ba, babu baƙin hayaƙi ko shuɗi. Gwiwar salansa ta yi tsatsa da ɓawon gishiri, za a sauya. Safiyo ya ɗebi baƙin mai a kwalba zai aika ɗakin gwaji.

Da muka kashe injin muka ɗaga filafilai, na gane dalilin da ya sa Baba ya riƙe jirgin nan shekara da shekaru. Ya kwanta gefe kaɗan ya tsaya a nan, yana yanka igiyar ruwa ba ya dukanta, sandar tuƙi da yatsu biyu ake riƙe ta. Raina ya biya ƙwarai.

Muka juya iska ta koma bugowa daga hagu, na bar sauran mutane a sama na sauka na buɗe kabad ɗin nan. Na ɗora yatsa daidai inda maɗauri ya haɗu da katako. Duk lokacin da jirgin ya hau igiyar ruwa ya sauka, ina jin ƙarfen yana motsi a ƙarƙashin yatsana, kaɗan ƙwarai, da wata 'yar ƙara ƙiƙ. Na kira safiyo ya taɓa. Ya hau sama ya ce a rage filafili mu koma.

A hanya ya duba akwatin tukunyar gas. Ramin da ke fitar da gas waje idan ya yi yoyo ya toshe da datti. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya rasa hanyar fita kwarin jirgi yake gangarawa ya kwanta yana jiran tartsatsi.

18 ga Afrilu

Rahoton safiyo ya iso, mai kauri. Yawancinsa ƙananan abubuwa ne da kowane tsohon jirgi ke da su: wayoyin lantarki da aka jona ba bisa ƙa'ida ba, tiyo da suka bushe, abin kashe gobara da wa'adinsa ya wuce. Sakamakon baƙin mai bai nuna ruwa ko garin ƙarfe fiye da kima ba. Abin da ya sa a gaba shi ne kada jirgin ya sake ɗaga filafili sai an zare maɗaurai an duba.

Da izinin Baba aka tallafe jigon da igiya aka zare na hagu. Sama da doro ƙarfen yana sheƙi. Ƙasa da doro ma haka, in ban da layin tsatsa. Tsakiya, daidai kaurin doron inda ido ba ya kaiwa, ya yi baƙi da ƙananan ramuka. Sitenles ba ya tsatsa ne saboda wata siririyar fata da sinadarin kuromiyam ke yi masa idan ya haɗu da iska. Inda aka rufe shi cikin jiƙaƙƙen itace babu iska, fatar ba ta sabuntuwa, gishiri ya yi ta cinsa. Mai gyaran jigo ya wanke shi, ya fesa jan rini, ya goge, ya fesa farin gari a kai. Cikin 'yan mintuna wani jan layi ya fito a gicciye, ya kai kusan rabin faɗin ƙarfen.

Baba ya karɓa yana juya shi a hannu. Ya ce, "Innalillahi. Da wannan na yi ta fita da jikokina?"

Na ce, "Baba, babu yadda za a yi ka gani sai an zare."

Tunda duk maɗauran sa'o'in juna ne, duka za a ƙera sababbi, da sitenles mai lamba 316 wanda ya fi 304 jure gishiri.

25 ga Afrilu

Mun zauna mu uku da dillali. Na kawo takardun ƙiyasin masu gyara, ban kawo lissafin kaina ba. Baba ya yarda a rage daga farashin kuɗin wayoyin jigo, maɗaurai, gyaran bangon katako da sauya bawul-bawul, domin waɗannan su ne ke tsakanin jirgi da nutsewa ko karyewar jigo. Doron da ya ruɓe, bororo, allon tuƙi, tagogi da filafilin gaba na ɗauke su a kaina, zan bi su sannu a hankali. Ban nemi ragi a kansu ba, tsufa ne na jirgin da ya yi aiki, kuma farashin tun farko na tsohon jirgi ne.

Saura ƙusoshin kil. Da kil ɗin na dalma ne, da yawanci ƙusoshin a cikin zubin aka dasa su, ba a iya zare su sai an sauke kil gaba ɗaya. Tunda baƙin ƙarfe ne, murɗa su aka yi, ana iya kwance ɗaya a duba a mayar. Baba ya amince a zare ta gaba, kusa da tsagar, da ɗaya daga baya. Idan sun fito da kaurinsu, zan sa hannu a ranar. Idan tsatsa ta ci tsakiyarsu sun sirance, sai an sauke kil an sauya duka, kuma mun rubuta cewa a lokacin ko a sake zama kan farashi ko a mayar mini da kafin alƙalamina. An ba mu 2 ga Mayu don sake ɗaga jirgin, safiyo ya ce zai zo.